Yadda ake ajiye ragowar tamales da ɗumama shi, bai bushe ba bai lalace ba

Tun da Disamba ta kama wayata ba ta huta ba, kowa tambayarsa ɗaya: an kawo mana tamales cike da kwano mun ci mun ƙoshi, ragowar fa ya za mu yi da shi? Wata ta ce ta saka nata a maikirowef ya fito kamar katako, wata ta ce nata ya jiƙe ya koma fate, wata kuma ta bar shi a kan tebur har gari ya waye sannan take tambayata wai zai ciwu. To na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, bari in zauna in rubuta gaba ɗaya yadda nake yi a nan birnin Hiyuston na Amurka. Rabin abin a wajen maƙwabciyata 'yar Meziko na koya, sauran rabin kuwa sai da na yi asarar dozin-dozin kafin na gane.

Ga wadda ba ta san shi ba, kwaɓin garin masara ne da ake bugawa da kitse da romo, a shafa a jikin ɓawon masara, a zuba nama ko cuku da barkono a tsakiya, a naɗe a turara. Ki ɗauka alalar ganye ce amma ta masara, ko dokunun Gana da aka cusa wa nama a ciki. Guda ɗaya tamal, in suna da yawa tamales. Abin dariya shi kwaɓin da yarensu masa suke ce masa, ranar farko da matar nan ta ce in zo in taya ta buga masa na ɗauka waina za mu yi, har ina tunanin in ɗauko tandata. Aikinsa yini guda yake ci shi ya sa ba wanda ke yin kaɗan, daga lokacin Kirsimeti har zuwa 2 ga Fabrairu da suke bikin Candelaria gidajensu ba sa rabuwa da shi, mu ma maƙwabta haka.

Abu ɗaya za ki riƙe daga nan har ƙarshe: ɓawon nan rigarsa ce, ba a tuɓe ta sai a faranti. Yawancin ɓarnar da ake yi daga cire shi da wuri take farawa.

Kayan da za ki tanada

Ba wasu kaya masu tsada ba ne, yawanci ma kina da su. Tukunya mai murfin da ke rufuwa ruf, da madambaci, ko ɗan kwandon ƙarfen nan mai buɗewa kamar fure da ake sakawa a cikin tukunya, a nan bai cika wuce dala 10 ba. 'Yan Meziko suna da tasu ƙatuwar tukunyar da suke kira tamalera amma don ɗumama guda shida ba sai kin saya ba, in dai kina da madambacin dambu shikenan kin gama. Sai ledar firiza mai zif irin Ziploc, ki duba kwalin ki tabbatar ta firiza ce don ta fi ta sanwici kauri. Ledar naɗe abinci mai mannewa, foyil, tishun kicin, da maka ta rubutu a jikin leda. Ma'aunin zafin abinci mai tsinke, wajen dala 10 zuwa 15, wannan kam ki daure ki saya, zai yi miki amfani a kaza da nama ma ba sai tamales kaɗai ba. Na ƙarshe kwabo guda wankakke, eh tsabar kuɗi nake nufi, in mun zo wajen turarawa za ki ga aikinsa.

1. Ki tambayi abin da ke ciki, ki rarraba

Wannan ba zancen ajiya ba ne amma dole in fara da shi, don ba amfanin in koya miki adana abin da ba za ki ci ba. Tamales na asali da man alade ake buga kwaɓin, manteca suke ce masa, kuma sau da yawa romon da ake zubawa a kwaɓin ma na naman alade ne. Saboda haka in aka ce miki ai na kaza ne, ko na cuku ne babu nama, amsar ba ta cika ba, ki tambayi man da romon. Ba abin kunya ba ne, su ma sun saba da tambayar saboda masu cin ganye zalla. Ni tawa maƙwabciyar da Crisco take buga nawa, wato daskararren man nan na tsirrai, kazar kuma ni nake sayo mata daga shagon halal, ta turara a tukunya daban. Allah ya saka mata.

In kin gama da wannan sai rarrabawa. Da zarar an naɗe su duk kamarsu ɗaya, na kaza da jan barkono, na koren miya, na cuku da barkono wanda suke kira rajas, da na zaƙi mai zabibi. Wasu masu yi suna ɗaure su da zaren ɓawo don alama, ƙulli ɗaya kaza ƙulli biyu cuku, to ki tambaya tun mai kawowar tana tsaye. In ba haka ba kowane ɗumame sai kin buɗe uku kafin ki samu wanda kike so, kin ga an tuɓe rigar da na ce kar a tuɓe.

Kula: na zaƙi ki ware shi ledarsa daban. Na taɓa haɗa su wuri ɗaya, bayan sati biyu a firiza na zaƙin ya kwashe warin tafarnuwa da barkono tas, yara suka ƙi shi.

2. Ki bar shi ya huce, amma da agogo a hannu

Awa 2 kike da ita daga lokacin da aka sauke shi daga wuta zuwa lokacin da zai shiga firij. In garin da zafi, ya kai digiri 32 na Salsiyas wato 90 a ma'aunin Amurka, awa 1 ce kawai, kuma wanda ya san Hiyuston a watan Agusta ya san ba abu ne mai wuya ba. Wannan ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka ce a kan duk dafaffen abinci mai nama, ba ni na ƙirƙiro ba. Lissafin daga saukewa yake farawa fa, ba daga isowarsa gidanki ba, in an yi tafiyar minti 40 da shi a mota to ki cire minti 40 ɗin.

Kar ki bar su a jibge cikin tukunyar a rufe, na tsakiya sai su yi awanni da ɗumi-ɗumi, kuma wannan ɗumin tsakanin digiri 4 da 60 shi ne inda ƙwayoyin cuta suka fi jin daɗin hayayyafa. Ki fito da su ki baje a tire ɗaya-ɗaya ba a ɗora wani kan wani ba, minti 20 zuwa 30 sun isa. Da kin taɓa kin ji tururi ya daina tashi, ɗumin ya koma kamar na jikin mutum ko ƙasa da haka, sai naɗewa.

Kar kuma garin sauri ki cusa su a leda da zafinsu. Tururin zai zama ruwa a jikin ledar ya koma cikin kwaɓin, a firij ya yi laɓe-laɓe, a firiza kuma ya zama ƙanƙara a jikinsa.

Gargaɗi: wanda ya kwana a waje zubarwa za a yi. Na san a gida mun saba miya ta kwana a tafasa ta da asuba a ce ai wuta ta kashe komai, to akwai ƙwayoyin da ke barin dafi a cikin abinci wanda zafi ba ya kashe shi ko da su kansu sun mutu, kuma nama ne a dunƙule cikin kwaɓi mai laima. Ƙanshinsa zai iya zama lafiya lau kuma ya kwantar da gida guda. Na san da ciwo, dozin ɗaya ma kuɗi ne, amma asibitin ƙasar nan ya fi shi tsada nesa ba kusa ba.

3. Na firij

A daren nan za ki yanke shawara, ba gobe ba. Ki ƙirga nawa za ku iya ci cikin kwana uku zuwa huɗu, su ne na firij, sauran duk firiza. Kuskuren da na fi gani shi ne a tura duka firij a ce in mun gaji da ci ma saka ragowar a firiza, sai ranar ta biyar a tuna, lokacin ya riga ya tsufa, firiza kuma ba ta mayar da tsoho yaro, yadda kika ba ta haka za ta dawo miki da shi.

Da ɓawonsu za ki jera su a roba mai murfi ko ledar zif, ki matse iskar. In roba ce ki shimfiɗa tishun kicin ɗaya a ƙasa ya tsotse ɗan gumin da zai fito. Ki ajiye can ciki inda sanyi ya fi, ba a jikin ƙofa ba. Firij ɗin ya kasance digiri 4 ko ƙasa, 40 ke nan a ma'aunin nan.

Za ki ji masu cewa yana kai sati. Maƙwabciyata ma haka take cewa, kuma ba na musu da ita a kan girkin ƙasarsu, amma ni dai kwana 4 nake tsayawa musamman na kaza.

Kula: in an haɗo miki da miyar barkononsu, salsa, ko kirim, kowanne mazubinsa daban. Kar ki zuba a kai ki ajiye.

4. Na firiza

Tamales na cikin abincin da firiza ba ta cuta in an naɗe shi da kyau, saboda kitsen da ke jikin kwaɓin da kuma ɓawon da ke kare shi. Ga yadda nake yi. Ina ɗaukar biyu-biyu, don biyu ne cin mutum ɗaya a gidana, in naɗe su tam da leda mai mannewa, sannan in jera naɗin uku ko shida a ledar firiza a kwance. Ki ja zif ɗin ki bar ɗan wuri a gefe, ki danne iskar da tafin hannu ta fita ki ƙarasa rufewa. In kina son ta fita sosai ki tsoma ledar a roba cike da ruwa har zuwa dab da zif ɗin, ruwan da kansa zai tura iskar waje, sai ki rufe ki goge. Iskar nan ita ce ke sa gefen ya yi fari-fari ya bushe kamar soso, wanda ko an turara ba ya komawa daidai.

Ki rubuta iri da kwanan wata a jikin ledar kafin ki zuba, in ta cika rubutun ba ya zama. Ki kwantar da su a shimfiɗe a daren farko kar ki ɗora musu kaya, in sun daskare sai ki jera yadda kike so. Firiza ta kasance digiri 18 ƙasa da sifili, wato sifili a ma'aunin Amurka.

Wata 3 ɗanɗanonsa na nan kamar jiya aka yi. Yana kaiwa wata 6 bai zama haɗari ba muddin bai narke ba, sai dai daɗin yana raguwa, yana fara ɗaukar warin firiza. Na cuku da barkono su za ki fara cinyewa, barkonon yana sakin ruwa in ya narke, cukun ma yana canjawa. Na nama sun fi juriya.

Wani lokaci ana ba da ɗanye, an naɗe amma ba a turara ba. Yana shiga firiza shi ma, amma ki rubuta ƊANYE da manyan baƙaƙe, don shi ba ɗumame yake buƙata ba cikakkiyar dahuwa ce, sama da awa guda a kan tururi. Ni dai na fi son in dafa sannan in daskarar, ya fi tashi da laushi.

Gargaɗi a kan ɗaukewar wuta: firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya awa 48, mai rabi awa 24, in dai ba a yi ta buɗe ta ana leƙawa ba. In wuta ta dawo ki taɓa, wanda har yanzu da ƙanƙara a jikinsa zai iya ci gaba da zama, wanda ya narke ya yi ɗumi kuma sai shara. Lokacin guguwar Beryl a Yulin 2024 mun yi kwanaki ba wuta ga zafi kamar me, abin da ke firizata duk sai da na zubar har da ragowar tamales da nake ta lallaɓawa tun sanyi. Da na sani da na turara na raba wa mutane tun ranar farko, tunda murhun gas yana aiki.

5. Dubawa da narkarwa

Kafin ki ɗora komai a wuta ki ɗan ɗaga bakin ɓawon ki duba. Yauƙi a jikin kwaɓin, warin yami, ko fumfuna ko da ɗigo ɗaya ne, duk zubarwa, kuma ba a yanke wajen a ci sauran. Tamales ba dokunu ba ne da ake jiƙa masararsa ta yi tsami da gangan, shi in ya yi tsami to ya lalace ne. Kar ki ɗanɗana don ki gwada.

Narkarwa kuma ya danganta da hanyar da za ki bi. In turarawa za ki yi ba sai kin narkar ba, daga firiza zuwa tukunya kai tsaye, ni a wajena ma ya fi kyau haka. In maikirowef ne ko kasko ko oben, ki sauko da shi firij tun dare ya narke a hankali. Ba a kan kanta ba, ba cikin ruwan zafi ba. Wanda ya narke kwana biyu nake ba shi a cinye.

6. Turarawa

Wannan ita ce hanyar, sauran duk dabarun mai sauri ne. Da tururi aka dafa shi, da tururi kuma yake dawowa hayyacinsa.

Ki zuba ruwa a tukunya kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ya tsaya ƙasa da kwandon, ko ya tafasa kar ya taɓo tamales ɗin. Ki jefa kwabon nan a cikin ruwan. In ruwa na tafasa za ki ji yana ƙwal-ƙwal a gindin tukunya, da kin ji ya yi shiru to ruwa ya ƙone ko ya kusa, sai ki ƙara. Dabarar matan Meziko ce ta tun kakanni kuma wallahi tana aiki, kina falo kina jin tukunyarki. Ruwan zafi za ki ƙara ba na sanyi ba, ta gefen tukunya, kar ki kwara a kansu.

Ki cire ledar da kika naɗe su da ita duka, ki bar ɓawon. In ɓawon ya bushe ƙayau a firij ki ɗan yayyafa masa ruwa. Ki jera su a tsaye bakin da ke buɗe yana kallon sama, in kika kifa shi abin cikin zai zubo. In kaɗan ne ba za su tsayu ba, ki dunƙula foyil ki sa a tsakiya su jingina, ko kawai ki kwantar da su wajen naɗin yana ƙasa, ba komai. Kar dai ki cusa su dam, tururi na son hanya. Ki rufa musu ragowar ɓawo ko tsabtataccen tawul ɗin kicin a sama kafin murfi, shi zai tare ruwan da ke ɗigowa daga murfin. Ki tabbatar tawul ɗin bai leƙo waje kusa da wuta ba.

Sai ruwa ya tafasa za ki fara ƙirga lokaci, sannan ki rage wuta zuwa matsakaiciya. Na firij minti 15 zuwa 20. Na firiza minti 25 zuwa 30, in manya ne ko tukunyar ta cika ya kan kai 40. Ki daina buɗe murfi kowane minti biyu, duk buɗewa tururin da kika tara ne ke gudu.

In lokaci ya yi ki ciro ɗaya daga tsakiya ki soka ma'aunin har cikin naman, digiri 74 ake nema, 165 ke nan a ma'aunin Amurka. In ba ki da ma'auni ki soka wuƙa siririya ki bar ta daƙiƙa biyar ki taɓa a bayan hannu, in ba ta yi zafin da za ki janye hannu ba ki mayar. Wannan dai maneji ne, ma'aunin ya fi.

Sai abin da kowa ke tsallakewa: ki sauke ki bar su minti 5 kafin ki buɗe. Da zafinsa kwaɓin yana da taushi sosai yana manne wa ɓawo, sai ki ɗauka ya jiƙe ne ko bai yi ba ki ƙara masa wuta a banza. In ya ɗan sha iska zai kama jikinsa, ɓawon ya saɓule da kansa.

Na ganyen ayaba, irin na jihar Wahaka ta Meziko da Gwatamala da El Salbado, sun fi laima kuma sau da yawa sun fi girma, ki ƙara musu minti 5 zuwa 10, nacatamal na Nikaragwa kuwa ɗaya ma abincin mutum ne guda, shi sai kin ƙara fiye da haka. Kwaɓinsu dama lugub yake, ba lalacewa ba ce.

Gargaɗi: kar ki jefa na ɓawon masara cikin ruwa ki tafasa. Bakinsa a buɗe yake, ruwa zai shiga ya wanke shi. Hallaca, wato irin tamal ɗin Benezuwela, ita ce ake ɗumamawa a cikin tafasasshen ruwa saboda ita an naɗe ta ruf an ɗaure da zare, kar ki ga wata ta yi ki kwaikwaya da na Meziko.

7. Maikirowef

Ranar aiki da safe ba mai lokacin kwabo da tukunya, na sani. Ki jiƙa tishun kicin ki matse, ki naɗe tamal ɗin da shi da ɓawonsa, ki sa a faranti. Biyu a lokaci ɗaya, in ya yi yawa uku, da tazara a tsakaninsu. Minti 1, ki juya, ki ƙara daƙiƙa 30 zuwa minti 1. In injin naki mai ƙarfi ne ki rage shi zuwa kashi 70, ya fi kyau ya ɗan daɗe da ya ƙone gefe tsakiya na sanyi. Ki bar shi minti 1 a rufe zafin ya ratsa, sannan ki duba tsakiyar.

Ki ci nan take. Na maikirowef in ya huce taurinsa ba a magana, kuma ba ya gyaruwa.

Gargaɗi: na ganyen ayaba da yawa ana ƙara naɗe su da foyil a waje, wani ma a ciki. Ki duba ki cire tas kafin ya shiga maikirowef, in ba haka ba tartsatsi za ki gani. Mai ƙanƙara kuma in dole ne, ki fara da maɓallin narkarwa minti 2 zuwa 3 kafin ki ba shi cikakken zafi.

8. Oben da eya firaya

Oben na da amfani in baƙi ne da yawa kuma tukunyar ba za ta ɗauka ba. Ki kunna ya yi zafi digiri 175, wato 350. Ki yayyafa wa ɓawon ruwa, ki naɗe biyu ko uku a foyil tam, ki jera a tire, minti 20 ki juya a tsakiya. Ba tare da foyil ba busasshe za ki samu. Gaskiya ni ba na son shi sosai, ga cin wuta ga jira kuma bai kai tururi ba.

Eya firaya kuma, injin nan mai gashi da iska mai zafi, digiri 160 zuwa 175, minti 8 zuwa 10 ga wanda ya narke, a jiƙa ɓawon tukuna. Gefen yana ɗan yin ƙus-ƙus, masu so suna so. Ki cire duk wani siririn ɓawo da ya saki jiki don iskar injin kan ɗaga shi ya taɓa ƙarfen wutar.

9. Kasko

Wannan kuma na kwana na uku ne, lokacin da kowa ya fara gajiya da shi, kuma in faɗi gaskiya akwai ranar da nake fin son sa a kan sabo. Hanya biyu ce.

Ta farko da ɓawonsa, a busasshen kasko mai kauri ba mai, 'yan Meziko a faifan ƙarfensu na gasa tortilla, wato siririyar gurasarsu, suke yi wanda suke kira comal. Wuta matsakaiciya, ki riƙa juyawa duk bayan minti 2 ko 3, jimla kamar minti 8 zuwa 10, har ɓawon ya yi baƙi-baƙi a wurare. Kar ki tsorata da ƙonewar ɓawon, ita ce ke ba shi ƙanshin nan irin na gasasshiyar masarar bakin titi da damina. In mai kauri ne ki rufe kaskon a mintunan farko zafi ya shiga ciki. Ki buɗe taga don akwai ɗan hayaƙi, na'urar hayaƙin gidajen nan kuma ba ta da haƙuri.

Ta biyu ita kaɗai ce inda na yarda a tuɓe rigar kafin faranti. Ki cire ɓawon tun yana da sanyin firij, lokacin ya fi kama jikinsa, ki zuba mai cokali ɗaya ko biyu a kasko, in ya yi zafi ki kwantar da shi ki ƙyale shi minti 3 zuwa 4 ba taɓawa har ƙasan ya yi ja, sannan ki juya da faffaɗan cokali. In kika yi ta motsa shi farfashewa zai yi. Mai kauri ki raba shi biyu a tsaye ko ki yanka shi ƙwaya-ƙwaya, ya fi saurin ɗaukar zafi har ciki.

Gargaɗi: kasko na ruɗi, waje ya soyu ciki da sanyi. Kar ki sa mai ƙanƙara, kuma ki auna tsakiyar kamar yadda aka yi a turarawa. Sannan ko ta wace hanya kika bi, iya wanda za a ci za ki ɗumama. Wanda aka ɗumama ya ragu ba na mayar da shi firij a karo na biyu, ya riga ya bushe kuma ya sha shiga da fita a ɗumi.

In kuma kin riga kin yi kuskuren, maikirowef ya busar miki da shi ko firiza ta cinye gefensa amma bai lalace ba, ki yanke wajen da ya yi fari, ki marmasa sauran a kasko da ɗan mai da albasa, ki fasa ƙwai biyu a kai ki juya, ki kawo yajinki. A birnin Meziko har cikin burodi suke cusa tamal da safe su ci da kununsu na masara mai suna atole, sanwicin kuma guajolota suke ce masa. Na gwada da soyayyen na kaza a cikin burodi da shayi mai kauri, maigidan ya ce masara cikin alkama wannan ai sai mai aikin gini, ya kuma cinye biyu.